Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ƙubrus ɗin Baffa

A makon jiya na tsaya a inda jirgi ya sauke ni a Erjan, filin jirgin arewacin tsibirin Ƙubrus, cikin 2014. Wasu sun ce na cika tsallake, ban faɗi yadda aka ƙare da gonar bakin rafi ba. Ku yi haƙuri, za a zo wajen. Ai wanda ya saye ta a wulaƙance ma yana karantawa, na sani.

Baffa bai taɓa ce wa tsibirin nan Saifurus ba. Ƙubrus yake cewa, yadda ya gani a littattafansa. Daren da zan tafi ya kira ni zaure, ya ba ni labarin Ummu Haram 'yar Milhan, 'yar'uwar mahaifiyar Anas ɗan Malik: yadda Manzon Allah (SAW) ya farka a gidanta yana murmushi, ya ce an nuna masa wasu daga al'ummarsa suna hawa teku kamar sarakuna a kan gadajensu, ta roƙa a sa ta cikinsu. A zamanin Sayyidina Usman ta bi mijinta Ubadatu ɗan Samit a rundunar Mu'awiya, ta faɗo daga kan dabbarta ta rasu a can. Ya ce, "In ka je ka yi mata sallama a madadina." Da na miƙe sai ya ƙara da cewa, "Ka riƙa tambaya. Baƙo makaho ne ko da idonsa."

A raina dariya na yi. Ina da taswira a waya, kuma ejan ɗin da ya yi mana takardu ya rantse Turai za ni, har wai in an yi hutu sai in leƙa Faransa.

Ban cika mako ba na gane tsibirin guda ne a taswira, a ƙasa kuwa biyu ne. Shi ne na uku a girma a Bahar Rum, bayan Sisili da Sardiniya, kuma shekararmu ɗaya da shi wajen samun 'yanci daga Ingila, 1960. Har yau a hagu suke tuƙi, yadda muke yi kafin 1972. Girkawa ne suka fi yawa, sai Turkawa. A Yulin 1974 sojojin da ke mulkin Girka suka ɗaure wa juyin mulki gindi a tsibirin, bayan kwana biyar Turkiyya ta sauke dakarunta ta kama arewa, sama da kashi ɗaya cikin uku na tsibirin. A 1983 arewar ta ce ita ƙasa ce, amma ban da Turkiyya babu wanda ya amsa. Turan da aka sayar da gonar Baffa dominta tana kudu, can ake cin moriyar Tarayyar Turai tun 2004, can ake kashe yuro. Mu lira muke riƙewa, kullum tana zagwanyewa a aljihu kamar naira. Sai a lokacin na fahimci dalilin da ya sa dole jirginmu ya fara sauka a Istanbul.

Ummu Haram kuwa a kudu take, a Larnaka, bakin tafkin gishiri.

Wata Asabar na sa kaftanina na tafi tsohon garin Nikosiya, wanda mutanen arewa ke ce wa Lefkosha. Akwai mashiga a titin Ledra, an buɗe ta a 2008, da ƙafa ake wucewa. Turawa na gabana suna nuna kati suna shigewa, wani har da askirim a hannu. Ni da na miƙa koren fasfona aka dawo mini da shi: ba ni da bizarsu, kuma ta Erjan na shigo, su ba su san wannan ƙofa ba. Tsakanina da kabarin bai kai tafiyar awa ɗaya a mota ba. Na koma masallacin Selimiye na zauna har la'asar, maganar Baffa na yi mini yawo a ka.

Ban faɗa masa ba. Wannan shi ne abin da ya hana ni rubuta kashin nan tun watan jiya. Duk Juma'a in na bugo, bayan gaisuwa sai ya ce, "Ka je?" In ce, "In sha Allahu wata mai zuwa, Baffa, karatu ne ya yi yawa." Da wane baki zan ce masa gonar ta tafi a kan rabin tsibirin da ba shi ba ne? Yaya ya sani, don shi ya kawo ejan ɗin gidanmu, shi ya ce abokinsa ne. Da maganar ta fito a zaman rabon gado sai ya ce ni ne ban yi bincike ba. To. Yaro ɗan shekara goma sha tara da ko Abuja bai taɓa kwana ba.

Karatu dai an yi, ba ni da abin cewa a kansa. Na je Girne na ga ragowar jirgin ruwan da ya haura shekara 2,000, na je Karfaz inda jakuna ke yawo ba mai su, suna tare mota suna zura kai ta taga. Dusar ƙanƙarar tsaunukan Turodos daga nesa kawai na hange ta, ita ma a kudu take. Abin da ya zauna mini a rai garin Magusa ne. Masallacin Lala Mustafa Fasha coci ne da aka soma ginawa a 1298, Usmaniyawa suka mayar da shi masallaci bayan 1571, suka ɗora masa hasumiya a gefe. A ƙofarsa akwai wata tsohuwar bishiya da aka ce sa'ar ginin ce. Na ɗaga kai na duba ganyen, na duba 'ya'yan, wallahi ɓaure ne, irin wanda muke jifa a bakin rafin gonar nan. Can gaba kuma Barosha, unguwar otal-otal da aka zagaye da waya tun 1974, a lokacin ba mai shiga sai soja.

Tsohuwar da nake haya a gidanta 'yar Baf ce, a kudu. Yaƙi ne ya koro su, aka ba su gidan wani Bagirke da shi ma ya gudu. Ranar da ta fara aiko mini da abinci ta ce sunansa molohiya. Na buɗe kwano na ga miyar lalo, busasshe, da kaza da lemon tsami. Kolokas ɗinsu kuma gwaza ce. Sai hellim, cukun da ake soyawa ba ya narkewa. Na ce mata duk muna da su, ta ƙi yarda sai da na nuna mata hoton Inna tana tsinkar lalo. Daga ranar "ɗana" take ce mini da yarensu.

Ita na fara faɗa wa maganar Baffa, bayan na yi shekara uku ina zaune a gidanta. Ta tafa hannu ta ce, "Hala Sultan? Me ya hana ka tambaye ni?" Ashe haka suke kiran Ummu Haram, hala kuwa goggo ke nan a Turkanci. Ita 'yar ƙasa ce, tana da katin wucewa, kuma da salla akan kwashi mutane a bas zuwa can. Shekara uku amsar tana ƙasan benen da nake kwana. Baƙo makaho, Baffa ya faɗa, har da cewa in riƙa tambaya.

Da babbar sallar 2017 na rubuta mata sunansa a takarda, na koya mata yadda za ta faɗa. Ta je, ta dawo da yamma ta ce ta isar, har sau biyu don kada ta yi kuskuren sunan. Baffa ya rasu tun cikin azumi, Allah ya jiƙansa.

Mako mai zuwa zan dawo kan gonar, da abin da Goggo ta ce wa Yaya a gaban mutane.