Yadda na yi aikin DJ a daren masu baƙaƙen kaya a Leeds

Neman abin sawa a bakin salati ne ya kai ni, ba son kiɗa ba. A 1982 ina karatu a Leeds, can arewacin Ingila, kuɗin da ake aiko mana daga gida suka fara yin nawa, sai a yi wata da watanni ba ka ga ko sisi ba. Ita ma ƙasar ba ta cikin daɗi, don a farkon shekarar marasa aikin yi a Birtaniya suka haura miliyan 3. Na samu aikin kwashe kofuna a wani ɗan gidan rawa na ƙarƙashin ƙasa. Daren tsakiyar mako ba ciniki, shi ya sa mai wurin ya bar wa wasu samari da 'yan mata masu sa baƙaƙen kaya, waɗanda daga baya aka riƙa kiran su da irin kiɗansu da sunan goth. Da mai sa musu faifai ya tattara ya koma Landan, aka dubi wanda ba ya shan giya kuma ba ya makara, aka ce in tsare wurin kafin a samu wani. Ba a samu wani ba.

Wani babban wanmu ɗan Zariya da ke digiri na uku ya taɓa leƙowa nemana. Ya tsaya a bakin matakala, ya dubi fuskoki farare fat da hoda, gashi a tsaye cirko-cirko, ya ce, "Ƙanena, wannan gidan rawa ne ko zaman makoki?" Na ce, "Yaya, ka dai jira sha biyu ta yi." Bai jira ba. Su kuwa yaran mamaki suke yi da ban taɓa ɗaga ido don na ga namiji da kwalli ba, ba su san na tashi ina ganin dattawa suna rambaɗa shi ranar Juma'a ba.

A lokacin babu wani kanti da za ka shiga ka tarar da layin faifai an rubuta masa goth. Akwai dai ƙungiyoyin da suka ɓullo bayan guguwar kiɗan punk ta lafa, kowace da inda ta dosa: Siouxsie and the Banshees, The Cure, Killing Joke, da Joy Division wadda mawaƙinta Ian Curtis ya rasu a watan Mayun 1980. Akwatin faifan DJ ne ya tara su wuri guda. Kai ne za ka ji cewa wannan waƙa da waccan za su zauna kusa da juna, ka jera su, mako ya bi mako, har kunnen mutane ya ɗauke su abu ɗaya. Nakan saurari shirin John Peel a gidan rediyon BBC da dare da biro a hannu, ranar Asabar in tafi kantin Jumbo da ke Merrion Centre in ga abin da aljihuna zai iya. A cikin wannan ginin ne kuma gidan rawar Le Phonographique yake a lokacin, wanda kowa ke kira Phono. Can ne uwar harkar a Leeds, mu 'yan kallo ne a kansu. Wani ginshiƙi mai madubi ne a tsakiyar filin, kuma wurin ya matse, shi ya sa rawarsu taku biyu gaba, taku biyu baya.

Kayan aikina garmaho biyu ne da wata 'yar na'urar haɗa sauti mai maɓalli ɗaya da ke ƙara idan ka murɗa shi. Ba ma haɗa bugun waƙa da na wata yadda DJ na yanzu ke yi. Za ka sa abin sauraro a kunne ɗaya, ka lalubo farkon waƙar da allura, ka mayar da faifan baya kaɗan, ka danne shi da yatsa yayin da farantin ke juyawa a ƙarƙashin ƙyalle, ɗayar na mutuwa ka saki. Daɓen katako ne, idan aka yi tsalle allura ta yi tsalle, don haka muke manna kwabo a kanta. Idan dare ya raba kuma, numfashin jama'a ya taru a silin ya riƙa ɗigowa, sai na kafa murfin kwali a saman garmaho. Har yau idan na ji warin man feshin gashi, can nake tunawa.

Faifai ɗaya ya koya mini rabin aikin, wato "Bela Lugosi's Dead" na ƙungiyar Bauhaus 'yan Northampton, wanda ya fito a watan Agustan 1979. Ya haura minti tara, kuma sai an kusa minti uku kafin a ji murya: ƙwanƙwasar sanda a gefen ganga, jitar bes mai saukowa a hankali, da amsa-kuwwa. Idan ka sa shi da wuri, fili ya watse, kowa ya tafi sayen abin sha. Idan ka bari har jiki ya yi zafi, ka rage fitila, ka saki hayaƙi, sai ka ga mutane sun tsaya cak suna lilo da hannuwa, ba mai fita. Waƙa ɗaya ce, sa'ar ce ta bambanta. Daga nan na daina kallon akwatina, na koma kallon ƙafafun mutane, musamman 'yan matan da ke tsaye a gefe, don idan suka shiga kowa ya shiga. Wani amfaninsa kuma, shi ne kaɗai faifan da ke ba ni damar zagawa in dawo.

Da na fara jin sa na gane amsa-kuwwar nan. A unguwar Chapeltown, inda mutanen Karebiyan suka fi yawa, na saba jin kiɗan dub na Jamaika daga manyan lasifikoki, kuma su kansu 'yan Bauhaus ba su ɓoye cewa daga can suka ɗebo ba. Shi ya sa ban yarda da ra'ayin masu Batcave ba, gidan rawar da ƙungiyar Specimen ta buɗe a Soho ta Landan a watan Yulin 1982, suka ce ba funk ba disko a wurinsu. Haƙƙinsu ne. Ni dai nakan saƙa faifan dub ɗaya a bayan Bauhaus, ba wanda ya taɓa barin fili. Wani lokaci ma a zo a tambaye ni sunan wannan sabuwar ƙungiya.

Ƙungiyoyin gari su ne gatanmu. The Sisters of Mercy a Leeds aka kafa ta a 1980, ba su da mai ganga sai na'ura da suka raɗa wa suna Doktor Avalanche. The March Violets ma da na'ura suke. Ga DJ wannan ni'ima ce, bugu ba ya gaba ba ya baya, ƙafa ta kama shi nan take. Daga Bradford kuma ga Southern Death Cult, wadda mai gangarta ɗan asalin Pakistan ne. Na lura da wannan, domin a kan titin Leeds na wancan zamani 'yan National Front, jam'iyyar masu wariyar launin fata, na nan, baƙar fata kuwa yana duba bayansa idan dare ya yi. A cikin ramin nan ban taɓa jin baƙar magana ba. Su ma masu baƙaƙen kayan ana tare su a hanya saboda shigarsu, don haka idan an tashi ƙarfe biyu a ayari muke tafiya tashar tasi.

Wajen 1985 jaridun kiɗa sun gama raɗa wa abin suna, kantuna sun fara sayar da kayan a ɗinke, ciniki ya ninka, mai wurin ya ba mu daren Juma'a. Amma takardun roƙon waƙa da ake miƙo mini suka koma abu guda, waƙoƙi kaɗan ake ta nanatawa. Ka sa sabon abu, a tsaya ana kallonka. Na ɗauki dabarar cusa baƙon faifai tsakanin sanannu biyu, ya yi mako uku yana shan kunya kafin a karɓe shi. Wasu sun karɓu, dub ɗin dai daga baya aka fara zuwa ana ce mini in cire. Da na kammala karatu na miƙa wurin ga wata yarinya da ta daɗe tana tsayawa kusa da ni tana karanta bayan kwalaye, na sayar mata da akwatin a kan kuɗin da ya cika mini tikitin jirgi zuwa Kano.