Wai Dreamcast 2 na nan tafe

Jiya da dare na zaro tsohuwar Dreamcast ɗina, na'urar wasan bidiyo ta kamfanin Sega, daga kwali, na kakkaɓe ƙura na jona ta. Da na ji ƙarar faifan nan yana juyawa, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ban san lokacin da na kira ƙanena ba.

Shi kuma ya fara: "Yaya, ai an ce Sega za ta fito da Dreamcast 2." Haba! Tun 2001 da suka daina ƙera Dreamcast ake wannan "an ce" ɗin. Na yarda wani jiran yakan biya, tunda wasan Shenmue III ya fito a 2019, shekara 18 bayan na biyu. Amma wasan Half-Life 3? Muna ta zuba ido har furfura ta fara tsiro mini.