Kowa na sayen famfas, amma ba kowa ke cin ribarsa ba

Ƙannena da ke aiki a Makka da Jidda, musamman waɗanda suka fara ajiye ɗan abin da ya rage bayan kuɗin haya da na igama (takardar izinin zama), ba daɗe ba jima wani zai zo muku da wannan magana: a zuba kuɗi a famfas da omo da sabulu, tunda ko ana yunwa sai an haihu, sai an yi wanki. Da wannan magana aka karɓi ajiyata ta shekaru, ni kuma na miƙa da hannu biyu.

Wanda ya kawo mini ita abokin zama ne a Shari'ul Mansur da ke Makka. Yana da sito a kudancin Jidda, yana saro katan-katan na kunzugun jarirai yana rarraba wa bakaloli, wato ƙananan shagunan unguwa. Na je na gani da idona: kaya har rufi, ƙaramar motar ɗaukar kaya, Dabbab, na shiga tana fita, yara na lodi. Ban tambayi sunan da ke kan sijil tijari, wato takardar rajistar kasuwancin, ba. Ashe na wani ɗan ƙasa ne da ake ba wani abu duk wata. Wannan shi ne tasattur, wato baƙo ya yi kasuwanci a ɓoye da sunan ɗan ƙasa, kuma dokar da aka fitar a 2020 ta kai hukuncinsa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Ran da mai sunan ya ga dama ya sa kwaɗo a ƙofar sito, ba ni da takarda ko guda da zan nuna, kuma in na kai ƙara kaina na fara tonawa. Abokin nawa cewa ya yi, "Yaya, a yi haƙuri, ni ma abin ya ci ni." Gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiyarsa ba ta dawo da ko halala ba.

Ko da ba a rufe siton ba, cinikin ya riga ya fara rama, kuma nan ne nake so ku tsaya ku duba. Daga Yulin 2017 aka sa wa baƙi kuɗin iyali, riyal 100 a wata kan kowane mutum, yana hawa har ya kai 400 a 2020. Magidanta da yawa suka mayar da mata da yara gida, kuma su ne masu sayen kayan namu a unguwanni. Harajin saye ya shigo da kashi 5 cikin ɗari a 2018, ya koma 15 a Yulin 2020. Uwa ba ta daina sa wa ɗanta famfas ba, amma ta daina saye a bakala. Tana jiran rangwamen manyan kantuna irin su Panda ta kwashi babban kwali, ko ta sauko kan mai araha. Ɗan tsakiya irinmu, da ribarsa a katan ba ta taka kara ta karya ba, shi aka matse.

Su kansu masu masana'antar ba barci suke yi ba. Cikin famfas akwai ɓargon itace da ake shigowa da shi daga waje, da wani gari mai shan ruwa da ake samu daga man fetur, duka da dala ake saye. A nan riyal na ɗaure da dala a kan 3.75, shi ya sa abin ke da sauƙi. A Najeriya, inda haihuwa ta fi ta nan yawa nesa ba kusa ba, Procter & Gamble mai Pampers ya sanar da daina sarrafa kaya a ƙarshen 2023, Kimberly-Clark mai Huggies ya bi bayansa a 2024, duk a lokacin da naira ke zubewa. A Japan kuwa jariran ne suka yi ƙaranci, har kamfanin Oji ya bar yin na yara don kasuwar gida ya koma na tsofaffi.

In har kuna son wannan harka, ku bi ta ƙofar da za a rubuta sunanku. Mai igama na iya buɗe asusun hannun jari ta bankinsa ya saya a Tadawul, kasuwar hannun jari ta Saudiyya. Sai dai ku sani, sayen famfas ɗin BabyJoy a kanti daban, mallakar kamfaninsa daban: uwar kamfanin, Unicharm, a kasuwar Tokyo take, Procter & Gamble kuma a ta New York. Abin da ke kusa da ku a nan irin su Savola ne mai man Afia, da Almarai mai madara. Kafin ku taɓa ko ɗaya, ku buɗe rahoton shekara ku ga bashin da ke kansa, ku ga ko riba na bin ciniki in ya ƙaru, ku duba ko yana cikin waɗanda malamai suka tantance halaccinsu. Ku kuma tambayi dattawan da suka ga 2006, lokacin da ma'aunin kasuwar ya haura 20,000 a Fabrairu, shekara ba ta ƙare ba ya zubar da fiye da rabi. Kuɗin sabunta igama da na makarantar yara kada su shiga wannan asusu, ko da kwana ɗaya ne.