Godiya bayan an sallamo ƙanina daga asibiti

Alhamdu lillahi, an sallamo ƙanina, yana gida, yana cin abinci, yana kuma barci, kuma duk wanda ya zauna da mu a makonnin nan ya san cewa barcin nan shi ne babban labari. Ba zan maimaita abin da ya faru ba, domin yawancinku kun gani da idonku, sauran kuma labari ya iske su, da ƙari ko babu ƙari. Da izininsa nake wannan rubutu, shi ne ma ya ce in faɗi sunan lalurar tasa, ko ya huta da amsa tambayoyi.

Bayan godiya ga Allah, sai likitar da ta karɓe mu. Shekaru ana duba shi a kan ciwon damuwa mai tafiya yana dawowa, amma ita sai ta ajiye katin, ta dubi mahaifiyarmu ta ce, "Mama, ban da lokutan da yake kwanciya ya ƙi magana, an taɓa yin lokacin da yake barcin awa 2 ko 3 kacal, ya kuma tashi garau babu alamar gajiya?" Hajiya ta ce, "Ai wannan lokacin ne yake samun lafiya, likita." Daga wannan amsa aka gano cewa abin da ke damunsa shi ne cutar baifola.

Kamar yadda aka yi mana bayani, idan mutum yana cikin ƙunci, cututtukan biyu kamarsu ɗaya: rashin sha'awar komai, nauyin jiki, ganin kai ba a bakin komai ba, na tsawon mako 2 ko fiye. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke raba su. Abin da ke raba su shi ne abin da ke faruwa tsakanin ƙunci da ƙunci. Mai ciwon damuwa zalla yakan dawo yadda aka san shi. Mai baifola kuwa wani lokaci yakan zarce, zumuɗi ya ɗebe shi, magana ta yi ta zuba ba a iya katse shi, dabarun kasuwanci su yi ta fitowa, kuɗi su yi ta fita, ya ji babu wanda ya kai shi, wanda ya ce masa kul kuma ya zama abokin gaba. Idan abin ya yi tsanani yakan kai mako guda ko fiye, mai sauƙinsa kuma kwana 4 ma ya isa likita ya ƙirga shi. Mai damuwa yana son barci ya rasa, ya wayi gari a gajiye, shi kuwa mai baifola a lokacin zumuɗin ba ya jin yana bukatar barcin ma. Tun da babu mai zuwa asibiti saboda yana jin daɗi, likita ƙuncin kaɗai yake gani, ga shi kuma maganin damuwa idan aka sha shi shi kaɗai yana iya tunzura mai baifola zuwa wancan zumuɗin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan miliyan 40 ne ke da wannan cuta, masu ciwon damuwa kuma kusan miliyan 280, saboda haka ba abin mamaki ba ne ƙaramar ta ɓuya a cikin babbar.

An saba a yi godiya a dunƙule, amma akwai waɗanda ba zan iya dunƙulewa ba. Baba mai shayi na bakin tasha, a daren da muka rasa inda yaron nan yake, kai ne ka gan shi wajen ƙarfe 2 yana raba wa 'yan kamasho kuɗi, yana cewa gobe zai sayi motocin tashar duka. Mutane sun taru suna dariya, wasu sun ɗaga waya za su ɗauka. Ba ka yi masa gardama ba, ba ka kuma sa an danne shi ba. Ka ce masa, "Alhaji, mai sayen tasha ai sai ya sha shayi tukuna," ka zaunar da shi a benci, ka haɗa masa mai madara, ka zare makullin babur ɗinsa daga kan tebur ka sa a aljihu, sannan ka aiki yaronka gidanmu. Da na iso na tarar kana sauraron lissafinsa kana gyaɗa kai, ga kuɗin da ka bi ka karɓo a ƙulle cikin leda. Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira kamar yadda ka rufa mana, ya shirya maka zuriya, ya sa kada ka ga ranar da za a yi wa naka dariya.

Liman na masallacinmu, ka yi masa addu'a, sannan da bakinka ka ce a tafi asibiti, ka tuna mana cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Goggo, kin bar gidanki kin tare wajen Hajiya. Ma'aikatan jinya na dare, da 'yan kasuwar da suka karɓi kayan da ya jido ba tare da sun rage ko sisi ba, da abokansa da suka hana bidiyon yawo, Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya yaye muku damuwarku, ya jiƙan iyayenku, ya sa aljanna ce makoma.

'Yan uwan da ba mu samu ganinsu ba, mun san hidima ta yi yawa, kuma saƙonnin cewa sammu ne ko shaye-shaye duk sun iso. Masu shawarar gidan mari kuma, mun gode, sai dai tun Janairun 2023 Najeriya ta sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, kuma marar lafiya yana da haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci.

Yanzu yana shan maganin da ake kira litiyam, za a riƙa gwada jininsa lokaci zuwa lokaci don a ga yawan maganin da lafiyar ƙodarsa, kuma sai ya koma wurin likita kafin azumi, domin ƙarancin ruwa a jiki yana sa maganin ya taru. Don Allah kada wanda ya ba shi maganin ciwon jiki irin su ibufurofen, kada kuma a ce masa ya warke ya daina shan magani. Masu son zuwa dubiya muna maraba da ku bayan la'asar, amma daga isha'i za mu rufe ƙofa, domin likita ta ce barci a kan lokaci yana cikin maganinsa.