Rainon 'yan biyu a Jidda, daga firamare zuwa koleji

Mutanen gida idan suka ji an ce wance tana Jidda, abin da ke faɗo musu a rai shi ne Ka'aba a kusa, da dabino, da zinare, da wutar da ba a ɗaukewa. Ban musa ba. Daga ƙofar gidanmu zuwa Makka tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota. Abin da ba a cika gaya musu ba shi ne nan ƙasar takarda ce. Zamanka da aikinka da asibitinka da makarantar ɗanka, har layin wayarka, duk a jikin kati ɗaya suke, wato igama, katin izinin zama. Tawa da ta yarana suna rataye a jikin ta maigidan, tasa kuma tana hannun kamfanin da yake yi wa aikin akanta.

A 2013 muka biyo shi daga Zariya, ni da 'yan biyuna, mace da namiji, suna da shekara shida. A shekarar ne aka mayar da hutun mako Juma'a da Asabar, a ƙarshenta kuma aka yi ta kamen marasa takarda, kowa a tsorace har da masu takardar. Namijin a lokacin kalmominsa ba su taka kara sun karya ba. Ba ya kallon mutum a ido, ba ya amsa kira, ƙarar injin markaɗe kuwa sai ya toshe kunne ya kwanta a ƙasa. A gida an faɗi komai a kansa. Wasu su ce nauyin baki ne, kakansa ma haka ya yi. Wasu su ce iska ce. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi tofi. Sai a nan wata likitar yara 'yar Sudan ta zaunar da mu ta ce tawahhud ne, galahanga. Ta ce ba sammu ba ne, ba laifin goyo ba ne, haka ƙwaƙwalwarsa take tun haihuwa, kuma babu allurar da za ta cire shi. Abin da ake yi shi ne a koya masa, mu ma mu koyi zama da shi.

Jidda ba baƙuwar wannan lalura ba ce, akwai cibiyar masu tawahhud a garin tun 1993. Amma baƙo mai albashin wata ba ko'ina hannunsa ke kaiwa ba. Inshorar kamfani ta ɗauki wani abu, sauran daga aljihu. Zaman koyar da magana, wanda suke kira takaɗub, shi ya cinye ɗan zinaren da na zo da shi. Ban yi da-na-sani ba. Ranar da ya haɗa jimla cikakkiya ta farko, da Larabci ya haɗa ta, ba da Hausa ba, kuma ruwa yake nema mai sanyi.

Macen babu wanda ya kula da ita ta wannan fuska, har likitocin. Tana magana, tana cin jarrabawa, malamai na yabon shirunta. Sai da ta shiga mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare, abin ya fito fili. Ba ta da ƙawa ko ɗaya. Ba ta gane wasa da gatse, duk abin da aka faɗa haka take ɗaukarsa. Ta wuni a makaranta tana kwaikwayon yadda sauran 'yan mata ke dariya da gaisawa, ta dawo gida kamar tukunyar da aka danne wa murfi tana tafasa, da ta cire takalmi sai kuka da jifa da littattafai. Daga baya aka tabbatar ita ma tana da shi. Likitan ya ce haka ake yawan samu, mata sun fi iya ɓoyewa, shi ya sa ake makara a kansu.

Akwai abubuwan ƙasar nan da suka yi wa yarana daidai, dole in faɗa. Rana a yanke take da lokutan salla, kuma yaro mai tawahhud ba abin da yake so irin ya san me zai biyo bayan me. Namijin ya haddace jadawalin kiran salla kafin ya iya ɗaura igiyar takalmi. Macen kuwa da kanta ta nemi niƙabi, ba wanda ya sa ta. Ta ce, "Umma, idan na sa shi ba sai na riƙa tuna yadda zan yi da fuskata ba." Abinci ma mun samu mafita: shi gurasar tamis da waken ful da safe, farar shinkafa da kaza da rana, soyayyar kazar gidan abinci na Albaik ranar Alhamis, kuma kada a kuskura a sauya ranar. Miyar kuka da ta kuɓewa, duk da wahalar da alhazai ke sha wajen kawo mana kuka da daddawa, ko kallonsu ba ya yi saboda yauƙi. Umara ce dai sai an yi dabara. Cunkoson ɗawafi ya fi ƙarfinsa, don haka muna kauce wa azumi da lokacin aikin Hajji, mu hau bene inda ake da sarari, ko da zagayen ya fi tsawo.

Waɗanda suka riƙe ni a shekarun farko tsofaffin Hausawan nan ne, waɗanda ake ce wa Takari, wasu kakanninsu a ƙasa suka tako ta Sudan. Akwai wata dattijuwa a unguwar Sabil da nake sayen fura a wajenta. Ba ta taɓa tambayata me ke damun yaron ba. Sai dai ta ce, "'Yata, bar shi ya zauna inda ya ga dama," ta ajiye masa kwano a lungun da ya zaɓa. Da aka fara rusau a ƙarshen 2021, aka share Sabil da Karantina da Gulail da sauran tsofaffin unguwanni, mutanenmu suka watse, wasu bayan gari, wasu Makka, wasu gida. Rusau bai taɓa gidanmu ba, amma ya kwashe duk inda nake kai yaran ba tare da na yi wa kowa bayani ba.

Kafin nan kuɗin 'yan rakiya ya riga ya shigo. A watan Yulin 2017 aka fara karɓar riyal 100 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamar ma'aikaci baƙo. Kowace shekara ana ƙara ɗari, har ya tsaya a 400 a 2020, shekarar da harajin kaya ma ya tashi daga kashi 5 zuwa 15. Mu uku ne a ƙarƙashin maigidan, riyal 1,200 ke nan duk wata, 14,400 a shekara, kafin a yi maganar haya ko makaranta. Iyalai da yawa da muka sani, Sudanawa da Misrawa da 'yan Pakistan da namu, a lokacin suka tura mata da yara gida. Mu ma mun zauna a kan maganar. Maigidan ya ce, "Maman 'yan biyu, ki duba lissafin nan da kanki." Na duba, lissafin bai ba mu gaskiya ba. Amma yaron da aka sha wuya kafin ya saba da aji ɗaya da malami ɗaya, ina za a kai shi ya faro daga farko, da wani harshen? Muka bar gida mai ɗaki uku muka koma mai biyu.

Ni kuma a tsakiyar wannan suga ya kama ni. Ƙishirwa da yawan fitsari na ɗauka zafin Jidda ne, sai gwajin da suke kira tarakumi, mai nuna matsakaicin sugan wata uku, ya nuna abin ya daɗe. Yanzu ga ƙwaya, ga allura da dare, ga ƙafafu da ke zugi. Maigidan na fama da hawan jini. Namijin kuma da ya fara balaga sai farfaɗiya ta bayyana, wadda aka ce ta fi yawa a masu tawahhud, kuma takan ɓullo a wannan shekarun. Magani ya kwantar da ita, alhamdu lillahi, amma likita ya hana maganar tuƙi tukuna. Wanda ya san Jidda ya san me ake nufi da saurayi ba mota. Ni ce na shiga makarantar tuƙi bayan an ba mata dama a 2018, da shekaruna da komai, ina rawar hannu a kan titin Madina.

Da korona ta zo aka koma karatu ta manhajar Madrasati, iyaye na ta kuka, nawa yaran kuwa makinsu tashi ya yi. Ba hayaniya, ba ƙararrawa, ba mai tsokana. A nan na gane karatun ba shi ne matsalarsu ba, abin da ke kewaye da karatun ne.

Wannan fahimtar ita muka shiga neman koleji da ita. A nan bayan sakandare sai an rubuta jarrabawar Ƙiyas guda biyu: Ƙudurat, mai auna lissafi da fahimtar harshe, da Tahsili, mai tambayar darussan kimiyya. Namijin ya yi fice a ɓangaren lissafi, ɓangaren dangantakar kalmomi da fahimtar nassi kuwa sai a hankali. Macen ta ci duka, amma ta yi kwanaki ba barci kafin kowace. Jami'o'in gwamnati na 'yan ƙasa ne da farko. Baƙo mazauni galibi sai ta gurbin tallafin karatu da suke kira minha, kuma masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Ba mu samu ba. Saura masu zaman kansu, na kuɗi. Komawa gida ma an kawo shawararta, amma yaran da suka yi shekara goma sha biyu suna karatu da Larabci, a ce su zauna JAMB da Turanci, su shiga ɗakin kwanan ɗalibai mai mutum takwas, wannan mai faɗa bai san su ba.

Ga kuma abin da ke hana ni barci. Ɗa namiji idan ya wuce shekara 18, zamansa a ƙarƙashin igamar uba sai da shaidar yana karatu, kuma ko da karatun, idan ya kai 25 sai ya nemi nasa kafilin, mai ɗaukar nauyin igamarsa. Wato ga ɗana koleji ba wurin neman ilimi kaɗai ba ne, shi ne izinin zamansa kusa da uwarsa. Ɗan ƙasa mai irin lalurarsa zai iya hutawa shekara guda, ya gwada, ya faɗi, ya sake. Nawa ba shi da wannan sararin. Yaron da komai nasa a sannu yake zuwa, shi aka kafa wa agogo. Ban ce ƙasa ba ta da ikon tsara dokarta ba. Na dai ce wanda ya tsara ta bai yi tunanin irin ɗana ba.

Shi difloma yake yi a harkar sadarwar kwamfuta a wata cibiya, ita kuma akanta a wata koleji ta mata, gadon ubanta. Tun kafin a buɗe muka fara shiri. Maigidan ya riƙa kai shi harabar da yamma ba kowa, su bi hanya daga ƙofa zuwa aji, zuwa banɗaki, zuwa masallaci, yana ɗaukar hoton kowace kwana a waya. Na rubuta takarda shafi ɗaya da Larabci, macen ta gyara mini nahawu tana tsaki, aka kai wa malamansa: idan bai kalle ka ba yana jin ka; a rubuta masa umarni, kada a faɗa da baki kawai; idan an sauya aji ko lokaci a sanar da shi tun da wuri; ga abin da za a yi idan farfaɗiya ta tashi, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa komai a baki. Wasu malaman sun karanta sun kira mu. Wani ko buɗewa bai yi ba, shi ne kuma ya rage masa maki don ya ƙi tsayawa gaban aji ya yi bayani. Darasi uku kawai muka yi masa rajista a zangon farko, duk da hakan na nufin ƙarin zango da ƙarin kuɗi.

Macen ta hana a kai tata takardar. Ta ce ba ta so a san ta da wannan kafin a san sunanta. Na so in matsa, ubanta ya ce in bar ta, ta kai munzalin da za ta zaɓa wa kanta. Aikin rukuni shi ne azabarta. 'Yan matan su buɗe zaure a WhatsApp, saƙo ɗari ba a ce komai ba, ita tana jiran a gaya mata wane shafi ne nata. Sai ta yi aikin duka ita kaɗai cikin dare, su sa sunayensu. Muna koya mata ta rubuta tun ranar farko: ni zan yi kaza, zan kawo ranar kaza. Idan ta dawo kuma doka ce a gidan, ba mai yi mata magana sai bayan la'asar, ko ni.

Shi abin da ya fi ba shi wuya gaisuwa ce. Samarin nan sai sun rungume juna sun haɗa kumatu, shi kuwa taɓawa ba ya so. Ya koyi miƙa hannu da wuri, ya sa ɗayan a ƙirji, ya jero gaisuwar da ya haddace. Wani ɗan Yaman a ajinsu ya lura, ya zama shi ke zama kusa da shi, yana tura masa saƙo idan an ɗage darasi. Ban san yaron ba, ban san iyayensa ba, amma kullum yana cikin addu'ata.

Tunda idona ya fara hazo likita ya ce in rage tuƙin dare, dole ta sa muka koya masa kiran motar haya ta manhajar Careem da kansa: ya duba lambar mota, ya zauna a baya, ya turo mini hanyar in bi shi a waya. Maganinsa ma yanzu shi ke jerawa a akwatin kwana bakwai duk daren Juma'a, har nawa yake dubawa, ya tsaya a kaina sai na yi allura. Maigidan ya doshi sittin, kwantiraginsa shekara-shekara ake sabuntawa, kuma kamfanoni na ta mayar da ayyukan akanta hannun 'yan ƙasa. Mun sayi fili a Zariya, an yi ginin har linta. Rajistar zango na biyu ta buɗe a makon jiya, na ce a sake ɗaukar darasi uku, shi ya ce huɗu, ya kawo jadawalin da ya zana da hujjojinsa a rubuce. Huɗun aka biya.