Abin da Takardar Firji ta Koya Mini

Lokacin da aka tura ni ɗakin rigakafi na wani ƙaramin asibitin karkara, aikin farko da aka danƙa mini shi ne wanda na fi rainawa, wato duba ma'aunin sanyin firjin allurai da safe kafin a fara aiki, da yamma kafin a tashi, sannan in rubuta abin da na gani a takardar da ke manne a ƙofarsa. Ƙa'ida ita ce sanyin ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8. Idan zafi ya yi yawa, ɗigon shan-inna da allurar ƙyanda ne kan gaba wajen lalacewa, idan kuma sanyi ya kai ga daskarewa, allurar Penta, mai kare yara daga cututtuka biyar, da ta ciwon hanta sukan rasa ƙarfinsu ba tare da kwalbar ta sauya kama ba.

A watannin farko ban ɗauki aikin a bakin komai ba. Ranar da mata suka cika layi nakan manta, sai daga baya in cike guraben da lamba 5, tunda a ganina firjin bai taɓa ba mu matsala ba. Wata rana shugabar sashenmu, dattijuwa mai ƙarancin magana, ta daɗe tana nazarin takardar, sannan ta ce da ni: "'Yata, firjin da ake buɗewa a kai a kai ranar rigakafi ba ya tsayawa a lamba ɗaya har mako uku. Ki rubuta abin da idonki ya gani, ko da bai yi miki daɗi ba." Ba ta ƙara ko kalma ba, amma kunyar wannan rana ta bi ni har gida.

Daga nan na riƙe aikin da gaskiya, kuma amfaninsa ya fito a bazarar da ta biyo baya. Cikin kusan mako biyu lambar yamma ta riƙa hawa sannu a hankali, daga 5 zuwa 6, daga 6 zuwa 7, har ta taɓa 8. Babu rana guda da ta saɓa ƙa'ida, don haka wanda ya leƙa sau ɗaya zai ce lafiya lau, amma jerin lambobin ya nuna inda aka dosa. Da aka bincika sai aka tarar robar ƙofa ce ta saki. Muka kwashe allurai zuwa akwatin sanyi har aka gyara, ba mu yi asarar ko kwalba ɗaya ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne uwar da takan tako daga ƙauye da jaririn mako 6 a goye, ta dawo a mako na 10 da na 14, alhali ba ta da hanyar sanin ko abin da muka yi wa ɗanta yana da sauran ƙarfi. Amanarta tana rataye ne a kan waɗannan mintuna biyu na safe da yamma.

Wannan ne ya sa na sake duba yadda nake tafiyar da karatuna. A da nakan ɗaura niyyar karatun awa biyu kullum, in yi kwana huɗu in watsar. Sai na rage shi zuwa shafi biyu kacal, na ɗaure shi da sallar Asuba, domin na lura cewa ɗabi'ar da aka jingina da abin da ba ya gusawa ita ce take zama. Na kuma sayi ƙaramin littafi, inda kafin in bar asibiti nake rubuta layi uku: abin da ya gudana, kuskuren da na yi, da abin da zan tambaya gobe. A cikinsa na gano cewa yawancin kurakuraina wajen cike katin yara bayan azahar suke faruwa, idan gajiya ta taru, saboda haka na koma cike kowane kati a gaban uwar kafin ta tashi.

Bana an turo mana ɗaliba mai neman sanin makamar aiki, kuma takardar firjin na fara miƙa mata. Ranar Talatar da ta wuce ta manta da awon yamma, ta bar gurbin babu komai, ta rubuta dalili a gefe.