Ƙannena masu rubutun Turanci, ku kula da he, she da it ɗin nan

Abun da ya fi cinye min maki a Turanci lokacin ina sakandare ba manyan kalmomi ba ne, ni da nake zama in haddace kalmomi masu tsawo daga ƙamus in zuba su a insha'i don malam ya ce kai yaron nan ya iya, ashe ƙananan nan ne masu harafi biyu zuwa huɗu suke kayar da ni, he, she, it, him, them, waɗanda malaman nahawu ke kira wakilin suna. Takarda ta dawo duk jan biro, in ka duba kuwa yawancin da'irar a kansu aka zana.

Kuma fa ba daƙiƙanci ba ne, Hausa ce ke aiki a ƙarƙashi. Mu in za mu yi magana sai mun ambaci mutum sau biyu, Musa ya tafi kasuwa, ga suna ga kuma "ya" ɗin, in ka cire shi ka ce Musa tafi kasuwa to umarni kake ba shi. Shi ya sa hannu ke rubuta "Musa he went to the market" ba tare da kai ka ma sani ba. "My father he is a farmer", wannan wallahi na rubuta shi ya fi a ƙirga. A Turanci sau ɗaya ake ambaton mutum, ko suna ko he, ba a haɗa su. Wanda ya fi taurin kai ma shi ne na ƙarshen jimla, yaron da na ba shi kuɗi ya koma "the boy that I gave him the money", alhali "that" ɗin ta riga ta tsaya a madadin yaron, him ba shi da wurin zama, daidai shi ne "the boy that I gave the money to". Wannan har cikin aikin kammala digiri ya bi ni, mai duba aikina ya gaji da gogewa.

Sai maganar it. Mu komai a duniya ko namiji ne ko mace, mota ita, littafi shi, rana ita, wata shi, to sai ka ji yaro ya ce "my phone, she fell down". Abu mara rai a Turanci it ne kawai, ka huta. Inda tarkon yake shi ne wajen mallaka, in ka ce motar tasa ce, wannan "ta" ɗin na mota ne, sai ya ja ka ka rubuta hers, alhali Turanci mai abun kawai yake kallo, in namiji ne "the car is his" ko da motar goma ce.

Akwai kuma "su" na girmamawa, Baba sun dawo, Malam sun ce a jira su. Tarbiyya ce mai kyau amma ku bar ta a Hausa, "my father they have come back" mai duba takarda zai ɗauka iyaye maza nawa gare ka. Mutum ɗaya da ka san shi he ne ko she, ko sarki ne. Sai dai akwai wurin da they ke tsayawa ga mutum ɗaya, wato in ba ka san namiji ne ko mace ba, kamar "someone left their bag", kuma wannan ya karɓu sosai har ƙamus ɗin Merriam-Webster ya zaɓi they a matsayin kalmar shekarar 2019. Da na san haka da wuri da ban sha kunya ba, don na taɓa tura imel wata jami'a a waje ina neman tallafin karatu, ina ta he, he, his a kan wani farfesa da ban taɓa gani ba, amsa ta dawo cikin ladabi da she a layin farko. Sunayensu ba kamar namu ba ne da kana jin Hadiza ka san mace ce, Andrea a Italiya sunan namiji ne, a Amurka da Jamus na mace. Ka duba shafin mutum tukuna, in ba ka samu ba ka maimaita sunan ko ka sa they.

"Am fine", "Am writing to apply", wannan cutar WhatsApp ce ta yaɗa ta, am ba ya tsayuwa shi kaɗai sai da I a gabansa, kuma I ɗin babban baƙi ne ko a tsakiyar jimla yake.

I da me kuwa akwai dabara mai sauƙi, ka cire ɗayan mutumin ka saurara. "Me and Sani went", cire Sani, saura "me went", ka ji ai bai zauna ba, to "Sani and I went" ne. Amma kar ku zarce kamar yadda na yi, da aka gyara min sau ɗaya sai na koma sa I ko'ina don ina ganin ya fi kama da na 'yan boko, har "he gave it to Sani and I", wanda shi ma kuskure ne, cire Sani ka ji. Haka "between you and me" ne daidai duk da za ku ji manya a talabijin suna cewa I. Its da it's ma haka, ka karanta shi da "it is" ko "it has", in ɗaya ya zauna to mai waƙafi a sama ne, in bai zauna ba its ne.

A jarrabawar WAEC da NECO ana ware maki daban saboda tsabtar nahawu da rubutu a insha'i, kowane irin wannan kuskuren ragewa yake, kuma da yake wakilin suna kusan kowane layi yana ciki, kafin ka kai rabin shafi makin wurin ya ƙare ko da labarinka ya yi daɗi. Abun da nake yi yanzu in na gama rubutu, in koma sama da fensir in zagaye duk he, she, it da they, kowanne in tambaye shi wa kake nufi. "Musa told Sani that he failed", wa ya faɗi, Musa ko Sani? In na yi daƙiƙa biyu ina tunani to na goge he na sa sunan.